Ra'ayinmu: Wa Zai Zana Macijin Kusugu?

Duk wanda ya taɓa shiga birnin Daura ya nufi Kusugu ya san yadda abin yake. Rijiya ce da aka kewaye da gini, ana zura guga a ɗebo wa baƙo ruwa ya sha, masu kula da wurin kuma su ba shi labarin macijin nan da ake kira Sarki, da baƙon da ya iso gari da dare ya sare masa kai. Yaran Daura wataƙila su fita kunya in an tambaye su wannan labari, tun da yake a gindin rijiyar aka haife su. Amma da za a tara ƙannenmu na Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi a ce su faɗi wace ce Ayana, ko kuwa a wane gari aka ƙera wuƙar da aka kashe macijin da ita, lalle da yawansu sai su yi tsuru-tsuru. In kuwa aka juya aka tambaye su tsakanin Tom da Jerry wane ne kyanwa wane ne ɓera, to, har na goye sai ya yi ƙoƙarin ba da amsa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa muka keɓe shafin ra'ayinmu na wannan fitowa ga abin da wasu za su ɗauka wasan yara ne, watau zanen barkwanci mai motsi na Amurka, wanda aka fi sani da katun. Mu dai ba mu ɗauke shi wasa ba. Abin da yaro ya buɗe ido da shi, shi yake zama ma'aunin da zai riƙa auna duniya da shi har tsufansa, kuma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin mu yanke hukunci kuwa, wajibi ne mu san asalin abin da halayensa, domin ba ya kyautuwa ga ɗalibin ilmi ya yabi abu ko ya kushe shi a cikin duhu.

Asalin dabarar ba wani sihiri ba ne. Idan aka jera zane-zane waɗanda kowane ya ɗan bambanta da na gabansa, aka wuce da su a gaban ido da sauri, sai mai kallo ya ga kamar abin yana motsi. A fim mai sauti hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan katun na minti bakwai yana ɗauke da hoto 10,080, kuma ko da an maimaita kowane zane sau biyu, kamar yadda aka saba yi, sai an zana fiye da 5,000 da hannu. A 1906 wani mai suna Stuart Blackton ya gwada abin da fuskokin da ya zana da alli a jikin allo. A 1914 Winsor McCay ya fito da Gertie, wata ƙatuwar dabba ta zamanin da, wadda ta ci zane wajen dubu goma. A wannan shekara ce kuma Earl Hurd ya yi rajistar dabarar da ta sauƙaƙa aikin, watau a zana abin da ke motsi a kan wani falle mai kama da gilashi, a aza shi a kan hoton daji ko ɗaki wanda aka zana sau ɗaya tak. Daga nan sana'ar ta tashi daga hannun mutum ɗaya ta koma masana'anta, inda kowane ma'aikaci yake da guntun aikin da yake maimaitawa.

A 1919 kyanwar nan Felix ta bayyana. A 1923 Walt Disney da wansa Roy suka kafa kamfaninsu, sa'an nan ranar 18 ga Nuwamba 1928 aka nuna Steamboat Willie a birnin New York, inda ɓeran nan Mickey ya yi suna saboda an daidaita motsinsa da kiɗa. Launi cikakke ya shigo a 1932. A watan Disamba 1937 Disney ya fitar da Snow White, dogon fim na labarin wata gimbiya da wadanni bakwai, wanda ya lashe kusan dala miliyan ɗaya da rabi, alhali mutane suna cewa ya haukace. A 1940 zomon nan Bugs Bunny ya fito daga kamfanin Warner, a shekarar ce kuma William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro Tom da Jerry a kamfanin MGM. Daga lokacin zuwa 1958 sun yi guda 114, bakwai daga ciki suka ci lambar yabo ta Oscar. Da telebijin ya shiga gidaje, sai mutanen biyu suka kafa nasu kamfani a 1957, suka rage yawan zane domin rage kashe kuɗi, har ya zamana baki kaɗai ke motsi jiki yana tsaye. Da wannan tsimi aka yi The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969. A 1995 kuma Toy Story ya zama dogon fim na farko da aka yi shi ɗungurungum da kwamfuta.

To, waɗanne halaye ne suka bambanta katun ɗin Amurka? Na farko shi ne zuzuta abu fiye da kima: jiki ya miƙe kamar danƙo, ido ya zazzago don mamaki, a daka wa kyanwa guduma ta baje kamar tabarma, nan take kuma ta miƙe garau. Na biyu, dabbobi ne ke ɗaukar halin mutane, ƙaramin mai wayo yana galaba a kan babban mai ƙarfi. Na uku, tsere da duka ne ƙashin bayan yawancin gajerun labaran, kuma duka ne wanda ba ya barin tabo, ba ya jawo nadama. Na huɗu, kiɗa ya fi magana yawa. Wannan hali shi ne ya buɗe masa ƙofar kowace ƙasa, domin yaron da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci yana fahimtar Tom da Jerry daga farko har ƙarshe. Na biyar, dogayen labaran suna ƙarewa ne da farin ciki, gwarzo ɗaya ya cim ma burin zuciyarsa, ko da ya saɓa wa iyaye da dangi. Na shida kuwa, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ciniki. Tun 1929 aka fara buga hoton Mickey a bangon littafin rubutun 'yan makaranta, a 1933 aka sa shi a agogon hannu, a 1955 aka buɗe dandalin shaƙatawa na Disneyland. Da aka kai 1983 sai abin ya juye gaba ɗaya: kamfanin Mattel ya riga ya ƙera 'yar tsanar He-Man, daga baya aka yi mata katun domin a tallata ta. Watau yaro yana zaune yana kallon talla ta rabin sa'a, yana tsammani labari ake ba shi.

Adalci ya sa mu faɗi cewa akwai gwaninta ta gaske a cikin wannan sana'a. Mutanen nan sun yi haƙuri, sun yi nazarin tafiyar dabba da motsin fuskar ɗan Adam, sun horar da masu zane shekara da shekaru. Mu kanmu da muke wannan rubutu mun yi dariya har da hawaye a gaban akwatin telebijin, kuma ba mu ga dalilin ɓoye haka ba. Sai dai wanda ya ce katun ba ya ɗauke da saƙo bai karanta tarihinsa ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, baitulmalin Amurka ya sa Disney ya yi fim inda agwagwar nan Donald yake biyan haraji da murna domin taimakon yaƙi. A 1943 wani fim ɗin na Donald mai yi wa Hitler ba'a ya ci lambar Oscar. Gwamnatin da ta ɗauki agwagwa aikin karɓar haraji ta san sarai cewa zane yana shiga inda jawabin minista ba ya shiga.

Mu baƙar fata muna da namu tabon a cikin wannan tarihi. A Trader Mickey na 1932 da Jungle Jitters na 1938 an nuna mutanen Afirka a matsayin masu cin naman mutane, masu manyan leɓɓa, marasa hankali. A cikin Tom da Jerry na farko-farko akwai wata mace baƙa mai aikace-aikacen gida, wadda ba a cika nuna fuskarta ba, sai ƙafafunta da tsintsiya. Abin ya yi muni har a 1968 aka janye katun goma sha ɗaya na Warner daga telebijin saboda wariyar launin fata da ke cikinsu. Larabawa ma sun koka da Aladdin na 1992, har aka sauya wasu kalmomi na waƙar buɗe fim ɗin a 1993. A ƙasar Chile kuwa, Ariel Dorfman da Armand Mattelart sun rubuta littafi a 1971 suna fallasa aƙidar jari-hujja da raina ƙananan ƙasashe da ke cikin littattafan zane na Donald, kuma bayan juyin mulkin soja na 1973 aka ƙona littafin. Ba a ƙona littafi a kan wasan yara.

Akwai kuma wani abin takaici da ya fi wannan. Wani ɓangare na jarin da aka gina masana'antar da shi namu ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka sun tafi da tatsuniyoyinsu na zomo mai wayo, Joel Chandler Harris ya tattara su ya buga a 1880, Disney kuma ya mayar da wasu fim a 1946 da sunan Song of the South. A ciki har da labarin 'yar tsanar kwalta da ta maƙale wa zomo, wanda duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya zai tuna da Gizo da 'yar tsanar danƙo. Haka aka ɗebi tatsuniyoyin Jamus da na Faransa da na Dare Dubu da Ɗaya kyauta, ba a biya kowa ko anini ba. Amma da aka zo kan nasu, sai da Steamboat Willie ya yi shekara 95 a kulle cikin dokar haƙƙin mallaka kafin ya zama na kowa ranar 1 ga Janairu 2024. Ka ji cinikin da ake kira nawa nawa ne, naka namu ne.

Ta wace ƙofa abin ya shigo mana? Iyayenmu sun fara sanin hoto mai motsi ne ta hanyar majigi, motar da gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da ita gari-gari tana nuna tsabta da noman auduga a ƙofar fada. Telebijin ya fara a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977. Tashoshin suna da sa'o'i da yawa da za su cika, kuɗi kuma kaɗan, tsohon katun na Amurka kuwa ya riga ya mayar da kuɗinsa a gida, saboda haka ana sayar da shi da araha. Babu wanda ya zauna ya ƙulla mana makirci. Lissafin kasuwa ne kawai, mu kuma muka bar wurin babu mai tsaro. Lokacin da kaka ke cewa ga ta nan ga ta nanku, shi ne lokacin da akwatin ya gaje, daga baya faifan bidiyo da tauraron ɗan Adam suka ƙara, yau kuma ga wayar hannu a hannun yaron da bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba. Amma mu tuna cewa duk sa'ad da aka ba jama'a nasu, sun rungume shi. Wa ya manta yadda unguwa ke yin tsit in an sa Samanja ko Karkuzu?

Wasu 'yan'uwa suna ganin maganin shi ne a hana kallo. Ba mu tare da su. An wuce zamanin da rufe tasha ɗaya zai toshe ƙofa, kuma wanda ya hana yaro ruwan gulbi ba tare da ya haƙa masa rijiya ba, ƙishirwa ce za ta mayar da yaron gulbi. Hanyar da muke gani ita ce wadda Alhaji Abubakar Imam ya bi. A shekarar da Disney ya ɗauki tatsuniyar Jamusawa ya mayar da ita Snow White, watau 1937, a shekarar ce littafin farko na Magana Jari Ce ya fito a Zariya. Imam ma ya yi aro daga tatsuniyoyin Jamus da na Larabawa da na Indiya, amma ya yi musu wanka, ya sa musu riga da rawani, har Bahaushe ya karanta bai ji baƙon ƙamshi ba. Aron dabara ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ari ido ya riƙa kallon kansa da shi.

Kada kuma wani ya ce aikin ya fi ƙarfinmu. Maƙwabcinmu na Nijar, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya yi katun tun 1965. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa shugabannin Afirka masu son jerin gwano shaguɓe da 'yan zane-zane marasa tsada. Ya zauna a Tawa yana aiki da ɗan abin da ya samu, ba tare da ya jira dala miliyan ba. A nan gida Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010, kuma a 2020 aka nuna Lady Buckit, dogon katun na farko da aka yi a Nijeriya domin gidajen sinima. Su ma manyan kamfanonin sun farga da cewa akwai kasuwa a nan, domin a 2024 Disney ya haɗa gwiwa da kamfanin Kugali suka fitar da Iwaju, labarin birnin Ikko. Tun a 1998 ma wani Bafaranshe, Michel Ocelot, ya yi Kirikou, labarin wani yaro na Afirka ta Yamma da ya kashe dodon da ya shanye ruwan maɓuɓɓugar ƙauyensu, duniya kuma ta yi tururuwar kallo. Dodo ya tare ruwa, gwarzo ya kashe shi. Shin wannan bai yi muku kama da wani labari da kuka sani ba?

Mu koma Kusugu. Labarin yana da duk abin da mai shirya fim yake nema. Ga Bayajida da aka ce ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Barno. Ga maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa. Ga tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo cikin dare, ta gaya masa babu ruwa sai ranar Juma'a. Ga maciji mai suna Sarki wanda ya mallake abin da yake haƙƙin kowa. Ga sarauniya Daurama mai mulkin gari, ga masu ƙaryar su ne suka yi kisan, ga baƙon da ya fito da kan macijin ya kunyata su. Ga kuma Bawo da zuriyar da ake danganta Hausa Bakwai da ita: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Darussan da ke ciki namu ne: karɓar baƙo, darajar mai sana'a, da cewa ruwan sha ba na mai ƙarfi kaɗai ba ne, batun da har gobe yake ci wa ƙauyukanmu tuwo a ƙwarya.

Sai dai muna gargaɗi. Idan baƙo ya riga mu, ko kuwa mu muka yi aikin da idon baƙo, za a mayar da Daurama gimbiya mai kuka tana jiran mai ceto, alhali ita ce ta ƙarshe a jerin sarakuna mata da suka riƙe Daura. Za a mayar da Bayajida farin mutum da ya zo ya waye da baƙaƙe, a manta cewa gari ya tarar da ganuwarsa da sarautarsa, kuma wuƙar ma maƙeran ƙasar ne suka ƙera. Haka nan dole mai shirin ya yi tunani a kan laƙabin Banza Bakwai, wanda bai dace a cusa wa yaran ƙasa ɗaya ba. Kuma dole a bambanta tarihihi da tarihi, domin masana irin su Farfesa Abdullahi Smith sun nuna tun 1970 cewa ba za a ɗauki labarin a matsayin cikakken bayanin asalin Hausawa ba. Batun hukuncin zanen mai rai kuwa, muna roƙon malamanmu su zauna su ba da fatawa bayyananniya a kan zanen da aka yi domin koyar da yara, tun da yake shirunsu bai hana Tom da Jerry shiga gidajenmu ba, nasu gidajen ma har da su.

Saboda haka muna kira kamar haka. Na farko, sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su haɗa ɗalibansu, mai zane da mai tatsuniya, su riƙa fitar da gajeren katun na Hausa a matsayin aikin kammala karatu. Na biyu, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tare da Majalisar Masarautar Daura su tattara ruwayoyin Kusugu daga bakin dattawa, da fasalin tufafi da gine-gine, su buɗe wa masu zane. Na uku, tashoshin telebijin na jihohinmu su keɓe lokaci da kuɗi na musamman domin shirin yara na gida. Na huɗu, attajiranmu su gane cewa wannan ma jari ne, tun da ɓera ɗaya ya gina ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, watarana takardar neman kuɗin irin wannan shiri za ta zo teburinku. Muna roƙonku kada ku rubuta mata "a ajiye" don kuna ganin wasan yara ne. Mu ɗalibai kuwa, kada mu jira kowa. Wayar da ke aljihunmu ta fi duk kayan aikin da Alassane ya fara da su ƙarfi. In an yi hutu, kowa ya zauna gaban kakarsa ya naɗi tatsuniya ɗaya, ya kawo wa ƙungiya, mu kuma mun yi alkawarin buɗe shafi a wannan mujalla domin zanen duk wanda ya gwada. Rijiya ta bayar, kada guga ya hana. Allah ya sa mu dace, amin.